Littafin da Na Daka a Turmi

Na san abin da aka gaya muku. Kun taso kuna jin cewa uwarku ce ta watsa ekklisiyar Zango, ta ɗauki littafin baftisma ta daka shi a turmi, kuma da aka tambaye ta dalili ta yi gum. Dauda ya taɓa dawowa daga taron matasa ya ƙi cin tuwona kwana biyu saboda wannan magana. Rahila kuwa har yau idan aka ambaci Zango a gabanta sai ta kama gyaran ɗankwali. To, ba ƙarya aka yi muku ba. Na daka littafin da hannuna, ranar wata Asabar da hantsi, kuma da hankalina. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, domin 'yan kaɗan ɗin da suka san shi ƙasa ta rufe su da bakinsu a rufe. Yanzu idona ya fara gajiya, gara in rubuta da kaina, kada in tafi in bar muku kunyar da ba ku san tushenta ba.

Mu Kiristocin Zango ba mu da yawa. Gida tara ne, kusan duka mutanen Nijar da neman abinci ya jefo Wagadugu: direbobi irin babanku, tela ɗaya, mai gyaran rediyo ɗaya, da matansu da yara. Majami'armu ita ce falon ɗakina, a gidan hayar Alhaji Sani Mai Goro, wanda kakansa ya sauka unguwar da ayarin goro tun babu kwalta a garin. Da tsohon fastonmu, Fasto Yohanna, ya je neman izini, Alhaji ya ce mu yi addu'armu, amma ba ƙararrawa, ba ganga, ba gicciye a ƙofa, domin masallaci yana jingine da katangarmu. Fasto ya karɓa, ya dawo yana murmushi ya ce an hana ƙarfe, ai ba a hana mace daka ba. Daga nan turmina ya zama ƙararrawa. Kowace Lahadi da safe nakan zuba 'yar dawa don kada a ce ina dakan banza, in buga uku a tsakiya, ɗaya a bakin turmi, in tsaya, in sake, har sau bakwai. Saratu matar tela, da ke layi na biyu, sai ta amsa da nata turmin, ta miƙa wa na gaba. Idan kuwa aka ji wannan daka a ranar da ba Lahadi ba, to mutuwa ce ko naƙuda ta yi gardama, kowa ya bar abin da yake yi ya nufo ɗakina. Shekara goma sha wani abu muna haka, hannuna ya saba har na daina ƙirgawa.

Alhaji yana da ƙanwa a gidan, bazawara mai 'ya'ya uku, mijinta ya rasu a hanyar fatauci. Zan kira ta Balki, ba kuwa sunanta ke nan ba, na Alhajin ma na sauya shi. Mai kitso ce. Kowace Lahadi takan zo ta zauna a bakin ƙofata, bayan labule, wai tana yi wa Rahila kitso don uwarta ba ta da hannu. Matan zumunta har tsokanata suke yi, wai kan 'yata ya fi na amarya shan wahala. Ba su san sauraro take zuwa yi ba. Shekara biyu tana haka kafin ta yi wa Fasto magana. Ya yi mata baftisma a cikin ɗakina da tsakar rana, a rabin duro, ni kaɗai ce shaida, ni kuma na tokare ƙofa da bayana. Da aka gama, Fasto ya buɗe littafi ya rubuta ta yadda yake rubuta kowa: sunanta, sunan ubanta, da gidan da take zaune. Na ce masa, Baba, ko a bar wannan? Ya ce shi ba shi da rabin tunkiya a garkensa. Mutum ne mai gaskiya, Allah ya ba shi hutu, amma gaskiyarsa ba ta hangen nesa. Kafin ya rasu ya danƙa mini littafin, tunda ni ce na yi karatu a makarantar mishan can gida, kuma Malam Barnaba, telan da ya gaje shi a wa'azi, allura ta riga ta cinye masa ido. Ni nake rubuta sababbin sunaye, ni nake mayar da littafin ƙasan akwati. Babu wanda ya taɓa buɗe shafi na uku, inda sunan Balki yake.

Sai shekarar da gwamnati ta ce za ta tashi Zango ta yi sabon gari a wurin. Muka ga mutane da ma'auni da gwangwanin jan fenti suna bin gida gida suna rubuta lamba a bango. Ku kuna ƙanana, abin ya ba ku sha'awa, har kuna bin su. Mu manya barci ya ƙaurace mana. Tsoro iri biyu ne ya shiga unguwa, na katafila da na juna, kuma na biyun ya fi muni. Samari suka yi ta fita zanga-zanga suna dawowa da jajayen idanu saboda barkonon tsohuwa. Aka fara raɗe-raɗin cewa wasu 'yan unguwa sun sa hannu a ɓoye. Na ga da idona an janyo wani mai shago daga cikin shagonsa, an yaga masa riga, don kawai an gan shi yana fitowa daga motar masu ma'auni. A bakin famfo wata mata da muka yi shekara goma muna gaisawa ta dube ni ta ce, ku 'yan mishan ai babu ruwanku, za a ba ku gida. Babanku yana hanyar Lome da kamiyo, babbar motar kaya, sai ya yi sati uku ban gan shi ba. In na ji an ɗaga murya a waje sai in ƙirga ku, ko da kuwa kuna zaune a gabana.

Ana cikin haka, wata Lahadi bayan wa'azi Malam Barnaba ya cire tabarau ya ce yana da albishir.

"'Yan'uwa, Ubangiji ya buɗe muna ƙofa. Na tahi buro, ofishin gwamnati, na ga mushen, wato ma'aikacin da ke riƙe da takardu. Ya ce duk wurin ibadar da anka tabbatar ya daɗe a Zango, za a ba shi farsel, wato fili, a sabon wuri, a yi ƙoƙari kuma a zaunar da mutanensa kusa da shi. Shaida kawai suka so. Littahinmu na baftisma, da hatimin Fasto da kwanan wata. Litinin ta sama za mu kai shi."

Mata suka yi guɗa a cikin tafin hannu, don ko guɗarmu ta saba da sharaɗin Alhaji. Ni kuwa na tuna shafi na uku. Na ce:

"Malam, in an kai, mi za su yi da shi?"

"Hotokofi za su yi, shahi-shahi, su manna a bangon meri, ofishin magajin gari, sati biyu, don wanda ke da magana shi zo shi faɗi. Haka anka yi ma kowa."

Daga bayan labule na ji Rahila ta ce, "Inna Balki, kin ja mini gashi."

Kwana shida na yi da littafin nan kamar mai riƙon garwashi. Na yi tunanin yage shafin. Amma mushen ya ce littafin da aka yage ko aka goge ba a karɓa, Fasto kuma ya sa wa kowane shafi lamba, a bayan wannan ganyen ma sunayen tagwayen Malam Barnaba ne. Na yi tunanin zuba tawada. Na shafa yatsa a kan sunan, sai na ji Fasto ya danna biro har rubutun ya yi rami a takarda, makaho ma zai karanta. Ga shi samarin unguwa kullum suna bakin bangon meri suna bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, suna neman munafukai. Na san abin da zai biyo baya in sun ga sunan ƙanwar Alhaji Sani a littafin Kiristoci, shi da yake gaba-gaba cikin dattawan masallaci masu cewa ba za a tashi ba. Dangin mijinta za su kwashe 'ya'yan a ranar. Abin da taro zai yi mata kuma ban yarda na ƙarasa tunaninsa ba. A ɗaya gefen ga gida tara da suka sa rai. Ga Mama Lami, tsohuwa makauniya da ba ta da kowa a garin sai mu, wadda muke karɓa-karɓar ciyar da ita, yau tuwon gidana gobe na Saratu. In mun watse, ban san ƙofar da za ta zauna ba. Gaba kura, baya siyaki, kuma babu wanda zan yi shawara da shi.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na je na zauna a gaban Balki na kwance kaina, don a ga kitso ya kawo ni.

"Yaya Balki, kin ji abin da Malam ya ce."

"Na ji."

"Mi zan yi?"

Ta ci gaba da tsaga gashi. Yatsunta a fatar kaina sanyi ƙalau, ga rana tana ƙuna.

"Ki ba su, Maman Dauda. Gida tara ba su watse saboda ni ba. Ni dai roƙona guda. Ranar da za a manna, ki zo ki ɗauki autata ki riƙe ta kwana biyu, kada ta ga abin da za a yi."

Na ce, "Ko ki fara gaya ma Alhaji? Wataƙila ma ya sani."

"Abin da mutum ya sani a cikinsa daban, abin da anka manna a bango daban. Na ciki shina iya haɗiye shi. Na bango, dole shi yi wani abu, ko shina so ko ba shi so."

Da ta gama na duba madubi na ga kitson a karkace. Ban taɓa ganin ta karkatar da kitso ba sai ranar.

Kada ku ɗauka jarumta ce ta sa na yi abin da na yi. Tsoro ne. Na ji tsoron ranar da zan je in ɗauko yarinyar nan daga hannun uwarta, fiye da yadda na ji tsoron komai a rayuwata. Ɓoye littafin ba zai yi ba, don na san kaina: in Malam ya ɗora mini Littafi Mai Tsarki a hannu ya ce ina yake, zan fito da shi. Ƙonawa ma ba zai yi ba, murhunmu ɗaya da matan gidan, kuma hannuna ba zai iya sa sunan Allah a wuta ba. Don haka ranar Asabar da sassafe na cire bangon littafin, na jiƙa ganyayen a bokiti har suka yi laushi. Da hantsi na juye su a turmi, na barbaɗa dusa a kai don wanda ya leƙo ya ga kamar abincin kaji nake haɗawa, na ɗauki taɓarya. Ina daka ina kuka. Ina ganin tawada tana narkewa, ina tuna masu sunayen, har da naku biyu da na rubuta da kaina. Hankalina yana can, hannuna yana nan yana aikin da ya saba. Ban san me nake bugawa ba sai da na ji turmin Saratu ya amsa daga layi na biyu, uku da ɗaya. Ni da bakin taɓaryata na kira ekklisiya ta zo ta ga abin da nake yi.

Saratu ce ta fara shigowa, ba takalmi, tana tambayar wa ya mutu. Ta dubi turmi ta ga shuɗin kwaɓi, ta dubi ƙasa ta ga bangon littafi da ɗan gicciyen da Fasto ya zana a kai. Ta ɗora hannu a ka. Kafin in motsa tsakar gida ta cika da mutanenmu, matan gidan Alhaji kuma suna leƙe daga ƙofofi. Malam Barnaba ya iso da abin awo a wuya. Ya sa hannu a turmin, ya ɗebo, ya kai kusa da idonsa.

"Hannatu, mi kinka yi?"

"Abin da ka gani, Malam."

"Don mi? Wani ya sa ki? An tsorata ki? Faɗi, mu ji. Ko mi ne ne, mu 'yan'uwanki ne."

"Ba ni da abin cewa."

A lokacin na hango Balki a can gefen rijiya, da matsefi a hannu. Ta ajiye shi, ta fara takowa, bakinta a buɗe. Na ga za ta yi magana, a gaban matan gidan yayanta. Sai na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa mutum irinta ba.

"Ke kuma mi ya shafe ki? Maganar Kiristoci ce. Koma ɗakinki."

Ta tsaya cak. Ta dube ni, ta juya. Cikin duk abin da na yi a ranar, wannan tsawar ce take hana ni barci har yau, ko da yake na san ta gane.

Washegari aka sa ni ƙarƙashin horo. A cikin falona, a kan tabarmata, aka hana ni jibin Ubangiji, aka ce Saratu ce za ta riƙa yin kira. Wasu suka ce an saye ni, wasu suka ce aljanu. Ban ga laifinsu ba, da ni ce su da na faɗi abin da ya fi haka, kun san bakina. Ranar Litinin Malam ya je buro hannu rabbana. Mushen ya saurare shi da kyau, ya ce ya yi haƙuri, baki ba shaida ba ne. Da babanku ya dawo, tun a tasha aka tare shi da labari. Ya shigo ya zauna a bakin gado da ƙurar hanya a jikinsa.

"Akwai dalili?"

"Akwai."

"Naki ne ko na wani?"

"Na wani ne."

"To, kai mini ruwan wanka."

Bai sake tambaya ba har ya koma ga Ubangiji. Shi ma ya sha gori a tsakanin maza, ya shanye. Yakan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Katafila ta zo kamar yadda aka ce. Mu muka sami ɗaki a wata unguwa can nesa, Malam da Saratu suka koma unguwar Sisen, gida uku suka koma Nijar, sauran kowa ya kama gabansa ya shiga majami'un da ake wa'azi da Mosanci ko Faransanci, inda tsofaffinmu ke zama kamar kurame. Mama Lami babu wanda yake da wurin ajiye ta. Aka sa ta a mota zuwa wurin wani ɗan ɗan'uwanta da bai taɓa ganinta ba. Ni na riƙe mata hannu har bakin motar, ta shafa fuskata ta ce, Hannatu, gobe tuwon gidan wa zan ci? Ba ta kai damina ba ta rasu. Wannan yana wuyana, kuma ban taɓa ce wa Allah ba ya wuyana ba. Na sayi asirin mace ɗaya da tsufan wata, ba tare da na tambayi tsohuwar ba.

Bayan shekara biyar Balki ta rasu, a sabon gidan da Alhaji ya gina a Sisen. Ciwon kwana kaɗan ne. 'Ya'yanta uku suna gabanta, babu wanda ya taɓa raba ta da su. Aka yi mata wanka, aka yi mata salla, aka kai ta. Ranar sadakar uku matan tsohuwar Zango suka taru daga ko'ina don dakan gumba, na je, Saratu ma ta zo. Shekara biyar gaisuwarmu ba ta wuce sannu ba. Da layi ya zo kaina na karɓi taɓarya, sai na tuna cewa duk wanda ya mutu a cikinmu muna Zango an yi masa kira, ita kuwa ba a yi mata ba. Wannan karon ba hannu ne ya kuɓuce mini ba, da gangan na yi. Uku a tsakiya, ɗaya a baki. Na tsaya, na sake. Na san babu macen Zango a wurin da ba ta san wannan dakan ba. Hira ta fara mutuwa. A na huɗu tsakar gida ta yi tsit, na ji ƙarar sanda tana tahowa daga zaure. Alhaji ne, ya tsufa, ya ranƙwafa. Na ce a raina, shi ke nan, na ɓoye ta tana da rai na tona ta tana kabari.

"Wa ke wanga daka?"

"Ni ce, Alhaji."

Ya daɗe yana dubana. Ya dubi ƙofar ɗakin ƙanwarsa.

"Nawa kinka yi?"

"Huɗu."

"Bakwai ne, ko ba haka ba? Shekara nawa ina jinsa daga kan buzuna." Ya juya zai koma, sai ya tsaya, murya ƙasa-ƙasa yadda ni da na kusa da ni kaɗai muka ji. "Ƙarasa mata."

Na ƙarasa ukun da suka rage. Da na sauke taɓarya sai na ji turmi na biyu ya amsa a bayana, uku da ɗaya. Saratu ce. Ba ta dube ni ba, hawaye suna ɗiga a cikin geron mutane. Da za mu tafi ta ɗauki takalmana ta ajiye mini a gabana, kuma ita ma ta mutu da maganar a cikinta, saboda 'ya'yan Balki.

Turmin yana nan a bayan ɗaki, bakinsa ya tsage, amma yana da sauran murya. Rahila, kin san ƙirgen, a kanki aka yi kitson. In ranata ta zo, ki zuba 'yar dawa ki yi bakwai. Ki ƙara bakwai don Mama Lami, ita ma babu wanda ya yi mata.